Yadda Ruwan Tiga Ya Iso Rumfunanmu



Ranar da shugaba ta ce duk mai iya riƙe biro ta kawo abin da za a sa a mujallar bikin bana, ni cewa na yi tarihin ruwa zan rubuta. Aka kwashe da dariya. Wata yayata ta ce, "Ke da kike auna shinkafa da kauɗa, ina ruwanki da ruwa?" Na ce mata, Yaya, ai duk abin da ke rumfata ruwan Tiga ne ya sake kama. Shinkafar da muke turarawa, tumatirin da muke yankawa mu shanya, albasa, alkama, har kuɗin zubin da muke kawowa duk sati, in kin bi sawunsu a bakin kanal za ki tsaya.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haifi na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kuma lokacin da aka gina dam ɗin ba a haife ni ba. Don haka abin da ke nan, wani daga bakin Inna da kakata na ji shi, wani daga dattawan kasuwa. Shekaru da lissafi kuwa ni da ɗana muka zauna muka yi ta bin su a takardu har na gamsu. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun awo ne.

Kafin dam, ƙasar nan tamu ta Kura, Bunkure da Garun Malam noma ɗaya ta sani, na damina. Gero, dawa, wake, gyaɗa, sai ɗan rogo da dankali. Da an kai amfani gida, gona ta zama fili, shanun Fulani su shiga su ci kara su bar taki. Maza masu ƙarfi su ɗaura ƙunshi su tafi ci-rani, wasu birni, wasu har Kurmi, sai hadari ya fara haɗuwa su dawo. Noman rani akwai shi, amma na mai gona a bakin kogi ne ko a fadama, kuma da jigo ake yi. Yaranmu ba su san jigo ba. Doguwar sanda ce a kan gwafa, gefe ɗaya an ɗaura guga, ɗaya gefen an ɗaura curin laka mai nauyi. Mutum ya wuni yana tsomawa yana juyewa, abin da zai shayar bai wuce ɗan fangalin albasa da tattasai ba.

Ba a kan Tiga aka fara tsara wa manomi abu daga ofis ba. Turawa ma sun yi nasu tsarin, sai dai nasu na fitar da kaya ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga nan gyaɗa ta zama kuɗi, aka yi ta jera buhuna a birni har suka zama dala. Jirgi da hanya da ma'auni, duk don gyaɗa da auduga su isa bakin teku aka yi su. Abin da za a zuba a tukunya kuwa an bar wa manomi da rumbunsa da ruwan sama. Kakata takan ba da labarin da ta gada na yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba. Shekara uku ke nan da zuwan jirgi, amma mutane na haƙar gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi.

A 1967 aka yanka jihohi 12, Kano ta zama jiha, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna. Allah ya jiƙansa. Ɗan sanda ne amma hankalinsa na kan ruwa da gona. Abin da ya duba a fili yake: jama'a sun yi yawa a ƙasar Kano, gonar kowa 'yar ƙarama, ruwan sama kuma wata huɗu ne zuwa biyar. Koguna su cika su tumbatsa su wuce gabas da ruwan, zuwa rani ki taka yashi ki haye. Dabarar ita ce a tare ruwan damina a ajiye shi, a riƙa sakinsa da rani, gona ɗaya ta yi noma biyu a shekara. Aka fara da dam ɗin Bagauda, ƙarami, wanda ya shayar da gonar gwaji a Kadawa. Sannan a 1971 aka sa hannu a babban aikin, aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama a 1974.

Ana cikin aikin sai fari ya faɗo, na 1972 zuwa 1974. Inna tana 'yar budurwa lokacin. Ta ce gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa, mutanen Arewa suka gangaro daga Nijar da 'ya'yansu babu ko akuya. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya dunƙule, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. A daidai shekarun ne kuma kuɗin man fetur ya shigo wa gwamnati da yawa. Ga yunwa a ido, ga kuɗi a hannu. To wa zai ce kada a gina dam?

Bangon Tiga na ƙasa ne, tsawonsa ya kai kusan kilomita 6. Ruwan da aka gina shi ya riƙe kusan ma'auni biliyan 2 ne, irin ma'aunin da kowane ɗaya yake cin lita 1,000. Ni da ba na gane abu sai da durom, na lissafa: durom 5 na lita 200 ke shiga ma'auni ɗaya, wato durom biliyan 10 ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne babu inji a tsakani. Tiga ta fi gonakinmu tudu, don haka ruwan da ƙafarsa yake gangarowa. Ya fito ta babban kanal, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya shiga ƙananan kanal masu ƙofofin ƙarfe. Akwai tafkunan da ake tara ruwan dare a ciki don a sake shi da safe. Ƙarshensa ɗan lambatun da ke bin gefen gona, inda manomi zai sa lanƙwasasshen tiyo ya zuƙo ruwa cikin kunya. Ƙwararru daga ƙasar Holan ne suka zana taswirar. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000, hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce. An shekara da yawa abin da aka gama bai wuce wajen kashi biyu cikin uku ba.

Amma fa ruwan nan ba kyauta ya zo ba, kuma nan ne nake so yaranmu su kasa kunne. Can inda tafkin ya kwanta, dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da fadamunsu da kushewun iyayensu, aka kai su tudu. Mu nan ɓangaren kanal ba a tashe mu ba, gonakin aka karɓa. Masu awo suka zo suka auna, katafila ta shigo ta baje ƙasa don ruwa ya gudu daidai, sannan aka mayar wa kowane maigida da tasa bayan an rage wani yanki na kanal da hanya. Kafin a baje sai an tuge bishiyoyi. Ɗorawa, kuka, tsamiya, kaɗanya, duk aka kwantar.

Kakata tana da gayaunarta a gefen gandun gidan, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da 'yar gyaɗa. Da aka zo rubuta sunaye, sunan maigida aka rubuta a kan gonar gaba ɗaya, gayauna ta narke a ciki. Babu wanda ya yi mata mugunta da gangan. Takardar ce ba ta da gurbin da za a rubuta mace. Akwai kuma ɗorawa biyu a gonar, waɗanda da kalwarsu take yin daddawa, tun tana amarya da su take sayen sabulu da zane, da su ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. An biya diyyar bishiya, kuɗin ya shiga aljihun kakana, sau ɗaya, aka yi hidimar gida da shi ya ƙare. Ita kuwa jarinta na duk shekara aka tuge. Har ta rasu, in an yi zancen kanal sai ta ce ruwa ya zo, inuwa ta tafi. Na tabbata in kowaccenku ta tambayi tsohuwar gidansu za ta ji irin wannan.

Duk da haka mu namu da sauƙi. A Bakalori, kusa da Talatar Mafara, inda aka gama wani babban dam a 1978, manoma sun daɗe suna jiran diyya da gonakinsu har haƙuri ya ƙare, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa. A yankin Tafkin Chadi kuma an kashe kuɗi mai yawa an haƙa manyan kanal, sai tafkin ya ja baya ya bar su a bushe.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna guda 11, aikin nan namu ya koma hannun ta Haɗeja da Jama'are. A shekarar ne Janar Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa da ake kira OFN, Shagari kuma ya zo da nasa na bunƙasa noma a 1980. Sunaye na sauyawa, amma abin da manya ke so daga Kadawa guda ne, alkama. Burodi ya zama abincin birni, alkamar da ake yinsa da ita kuma daga Amurka ake sayo yawancinta. Ita alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun da can muna alkaki da finkaso da gurasa, amma kaɗan-kaɗan ake nomanta. Sanyin hunturu take so. Sai an shuka ta a Nuwamba zuwa farkon Disamba, in ta makara zafin Maris ya same ta ƙwayar ba ta cika. To a Nuwamba dawa ba ta bar gona ba. Sai malaman gona suka ce a bar dawa a shuka masara mai saurin nuna. Wanda ya zana wannan a takarda bai san cewa dawa ba tuwo kaɗai ba ce. Karanta ne danga, shi ne rufin rumfa, shi ne makamashi, ganyenta abincin dabba. Manoma da yawa suka ƙi. Waɗanda suka yarda kuma sai sun jira tarakta ta zo layinsu, sun jira taki, lokaci yana wucewa. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, farashi ya tashi, kowa ya ruga ya shuka. Bayan 'yan shekaru aka sake buɗe ƙofa, farashin ya faɗo a kan waɗanda suka ci bashi.

Ba zan yi wa alkama butulci ba dai. Girbinta da bugu da sheƙa, tsofaffi da zawarawa da 'yan mata ne suka yi ta yi, ana biyansu da kwano. Inna da kalar alkama ta tara jarinta na farko, a wannan jarin ni ma na tashi. Haka nan ba zan ɓoye alherin kanal ba. Ci-rani ya ragu, maimakon mazanmu su tafi sai ga mutanen wasu garuruwa suna zuwa ƙwadago wurinmu. Ɗakunan ciyawa suka koma kwano, aka sayi kekuna, daga baya babura, aka je Makka. A watan Fabrairu ki tsaya a kan hanyar Zariya ki ga kore shar iya ganinki, abin da kakannin kakanninmu ba su taɓa gani ba.

Manomi dai ya yi nasa lissafin, ya ga tumatir da rani, shinkafa da damina, su suka fi ba shi. A nan ne tsarin gwamnati ya nuna iyakarsa. An kawo ruwa har bakin kunya, amma daga kunya zuwa tukunya ba a zana komai mai ƙwari ba.

Ku dubi tumatir. Ruwa ɗaya, sanyi ɗaya, don haka kowa lokaci ɗaya yake dashe, lokaci ɗaya kuma yake nuna. Daga Janairu zuwa Maris ki je Kwanar Gafan ki ga kwanduna kamar ba za su ƙare ba, manyan motoci a jere suna lodi zuwa Legas da Fatakwal. Kwando a kan kwando, kwana biyu ko uku a hanya, na ƙasa ya isa ya zama ruwa. Ranar da motoci suka yi ƙaranci ko aka ji kasuwar Kudu ta cika, sai farashi ya faɗi har kuɗin kwandon ya so ya fi na abin da ke cikinsa. Na ga manomi da idona ya juye kayansa a bakin titi ya ɗauki kwandunansa ya tafi. Wata huɗu bayan nan, da damina, tumatir huɗu a faranti sai mai hali. Me ya tsaya tsakanin wannan arahar da wannan tsadar? Wuƙarmu. Mu muke saye mu yanka mu baza a kan kara ko buhu ko ƙasa tsura, muna korar awaki da kaji, ƙura na zuba, har ya zama kauɗa. Miyar damina ta rabin birnin Kano daga wannan shanyar take fitowa. Ita kuma kauɗa ba ta shiri da laima. Wata shekara na zuba duk jarina a ciki, na ajiye a wani ɗaki da na kama haya, ruwan farko ya bi ta rufi. Da na buɗe buhunan sun yi baƙi ƙirin, ko kyauta ba mai karɓa. Bashin ƙungiya ne ya tashe ni, waɗanda muke tare a lokacin sun san zancen.

Da aka buɗe babbar masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa a 2016, mun ce to, an zo wurin. Sai ga shi a shekarar tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masana'anta ta rasa abin niƙawa. Tun daga nan a buɗe ne a rufe. In kasuwa ta yi kyau manomi ya kai kasuwa, in ta faɗi kowa ya nufi ƙofar masana'anta rana ɗaya.

Shinkafa kuwa ita ce tamu ta gaske. Manomi shanshera yake kawowa, ita kuma shanshera ba a cinta. Sai an wanke ta an kwashe ƙaiƙayi da marar ƙwaya, an jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, da asuba a tsame a zuba a tukunya ko rabin durom a rufe da buhu a turara har bawon ya fara tsagewa. Sannan a shanya, ana juyawa da ƙafa ko da katako. In rana ta yi mata yawa ta karye a inji, in ba ta bushe ba ta yi wari. Daga nan a kai inji, a dawo a fece, a tsince tsakuwa. Wace makaranta ce ta koya mana wannan? Babu. Uwa ta koya wa 'ya, kishiya ta leƙa ta kishiya. Sunan da Kura ta yi a shinkafa, har ana zuwa daga jihohi ana lodi, a bayan gidajenmu aka dafa shi, da itacen da muka saya da hayaƙin da ya cinye mana ido. Amma filin shanya babu. Shi ya sa kuke ganinmu a gefen kwalta, mota na wucewa tana watsa mana yashi, sannan a ce shinkafar gida tsakuwa gare ta.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, 'yar gida ta yi daraja, mu ma mun ɗan ji daɗi. Sai dai manyan injinan casa sun ƙaru a Kano, wakilansu na zuwa har gona da kuɗi a hannu lokacin kaka, su kwashe shanshera tana araha su zuba a manyan sito. Mu da ba mu da wurin ajiya, buhu biyu buhu uku muke saye duk sati. Kafin rani ya raba, muna sayen shansherar garinmu da tsada daga hannun wanda ya ajiye ta.

Ba a ce ba a taɓa tunawa da mata ba. A 1987 Maryam Babangida ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara, daga lokacin ne kalmar ƙungiyar mata ta shiga bakin hukuma sosai, aka raba injinan niƙa da na ɗinki. Wasu sun yi aiki, wasu tun lalacewar farko ba su sake tashi ba don babu kayan gyara. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da bashin Bankin Duniya, shi ƙananan abubuwa ya kawo, rijiyar burtsatse 'yar gajeriya da ɗan injin ban ruwa da mutum zai ɗora a keke. A ganina wannan ɗan injin ya kai noman rani inda kanal bai taɓa zuwa ba, don abu ne da manomi zai iya saye, ya gyara a bakin kasuwa. Sai dai fetur yake sha. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu shi suna kuka, gonar da ke shan ruwan kanal kuma hayarta ta yi sama.

Shi ma kanal ɗin ya tsufa. Gini abu ne da ake buɗewa da kiɗa da jawabi, yasa kuwa babu mai ɗaukar hotonta. Da daminar 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe, ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Ƙananan kanal suka cika da laka, siminti ya tsattsage, ƙofofi suka yi tsatsa, ciyawar kacala ta toshe hanya. Na kusa da baki ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya kwana a gona da tocila yana jiran ruwa, har a kai ga faɗa tsakanin maƙwabta. Sauro ya daina tafiya hutun rani. Yaran da ke wanka a kanal kuma tsargiya ta zama musu kamar gado.

Akwai kuma waɗanda ba ma tunawa da su, mutanen ƙasa da mu. Ruwan da muka tare, da can Haɗeja da Nguru da Gashuwa yake zuwa, ya malale fadamu da damina, su yi shinkafa, su kama kifi, makiyaya su samu ciyawa in ya janye. Da aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, ambaliyar nan mai amfani ta ragu, sai ɗan ruwa da ke tsiyaya rani da damina. Irin wannan kacala take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta juya shi inda ba a buƙata, tsuntsayen jan-baki suka samu gidan kwana a cikinta suna faɗa wa gonaki. Masu kawo mana busasshen kifi daga can su suka fara ba ni wannan labari, tun ban san akwai shi a takarda ba.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, shirin da ake kira TRIMING, namu na ciki tare da na kwarin Haɗeja da Bakalori. An yashe kanal, an sake siminti da ƙofofi, an gyara wasu hanyoyin gona. Shekarar da aka rufe ruwa don aikin kowa ya ji a jikinsa, daga manomi har mai tallan awara a bakin gona, ranar ce ma wasu suka yarda cewa da ruwan nan muke numfashi. Sabon abin da aka kawo shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Su za su riƙa karɓar kuɗin ruwa, su yashe ƙananan kanal, su tsara wa zai sha yau wa zai sha gobe. Wannan tunani ne mai kyau, na yaba. Amma bashi ne fa, kuma 'ya'yanmu na cikin masu biya. Sannan wanda yake noma gona shi ake rubutawa. Na leƙa wani zama nasu a madadin ƙanena, na ƙirga matan da ke wurin ban cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali a cikinmu nan akwai masu gonar gado, akwai masu haya, akwai waɗanda mazansu suka rasu suka bar musu. Duk wadda take da ko rabin eka a cikin layin kanal, ta je ta ga an rubuta sunanta, nata na kanta, ba na ɗanta ko na wanta ba. Ku tuna gayaunar kakata.

A zaman da za mu yi bayan biki akwai magana biyu a gabanmu: ko a raba ribar bana kowa ta ɗauki nata, ko a haɗa a fara sito da daɓen siminti na shanya. Na san akwai masu aurar da 'ya'ya bana, akwai masu kuɗin makaranta, ba na ganin laifin wadda ta ce a raba. Ni dai hannuna na wajen sito, kuma kun ji dalilina.

Ko wanne aka zaɓa, ina roƙon abu ɗaya. Duk lokacin da muka je neman fili ko rance, tambayar farko ita ce buhu nawa kuke turarawa a shekara, sai mu kalli juna. Na sayi littafi mai layi, na ja gida huɗu: suna, buhun shanshera, buhun kauɗa, da wanda ya lalace. Kowacce ta zauna da 'yarta ko ɗanta su tuno na bara, daga kaka zuwa kaka. Wadda ba ta rubutu ta zo ta faɗa mini da baki. Littafin yana rumfata, ƙarƙashin tiya, kowace ranar kasuwa daga hantsi har la'asar.